Ranar da Sarauniya Elizabeth ta zaɓi firaminista a bakin gadon asibiti

A safiyar Juma'a, 18 ga Oktoban 1963, motar Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta tsaya a ƙofar asibitin King Edward VII da ke Landan. Ba dubiya kaɗai ta kai ta ba. Harold Macmillan, wanda ya shekara shida da 'yan watanni yana firaminista, yana kwance bayan an yi masa tiyata saboda toshewar fitsari, kuma da safen nan ya riga ya aika wa fada takardar murabus. Aka turo shi a kan gadonsa zuwa ɗakin taron asibitin, ya zaro wata takarda ya karanta mata. Abin da ke ciki a taƙaice shi ne, ta kira Lord Home, ministan harkokin waje, ta ba shi damar kafa gwamnati. Ta amsa, ta koma fadar Buckingham, kafin yamma Home ya iso.

Shekarunta 37 a lokacin, tana da cikin ɗanta na huɗu, kuma ta yi shekara goma sha ɗaya a kan karaga. Za ta ƙara kusan wasu 59. A duk tsawon wannan zamani babu wani hukunci da ta yanke da hannunta wanda masana tarihin siyasar Birtaniya suka fi zarginta a kansa kamar na wannan safiya.

Aikin da ake gani da wanda ba a gani

Mai kallo daga nesa zai ɗauka aikin Sarauniyar Ingila bai wuce ɗaga hannu daga cikin keken doki da buɗe asibitoci ba. Akwai wannan, kuma da yawa. Amma a bayansa akwai aikin tebur. Kusan kowace rana ana kawo mata jan akwati cike da takardun gwamnati: bayanan zaman majalisar ministoci, rahotannin jakadu, dokokin da ke jiran sa hannu, sunayen alƙalai da limaman cocin Ingila da za a naɗa. Sau ɗaya a mako firaminista yakan zo su keɓe su biyu, ba sakatare, ba mai rubuta abin da aka faɗa. Tun 1867 marubuci Walter Bagehot ya ƙayyade haƙƙin mai sarautar Birtaniya da abu uku: a nemi shawararsa, ya ƙarfafa gwiwa, ya yi gargaɗi. Bayan haka, abin da ministoci suka ce shi zai sa wa hannu. Rabon da wani mai sarauta ya ƙi amincewa da dokar da majalisa ta zartar tun 1708, zamanin Sarauniya Anne.

Sai dai ƙa'idar "bi shawarar firaminista" tana da rami guda. Idan firaministan ne ya sauka, shawarar wa za a bi? A wannan 'yar tazara, tsakanin saukar wani da hawan wani, ikon zaɓi yana komawa hannun mai sarauta shi kaɗai. Bayan babban zaɓe abin ba wuya, shugaban jam'iyyar da ta fi kujeru a Majalisar Wakilai ake kira. Jam'iyyar Labour ma ba ta ba fada wahala, domin a wancan zamani, tun da daɗewa, 'yan majalisarta ke jefa ƙuri'a su fitar da shugabansu. Matsalar tana wajen Conservative. Su a lokacin ba su da zaɓe. Manyan jam'iyya ne ke zagayawa su ji ra'ayi a ɓoye, a ɗakunan shan shayi da gidajen gona, har wani suna ya "fito", sannan a raɗa wa fada. A ƙasar Hausa masu zaɓen sarki ne ke zama su fitar da sarki. A nan sarauniya ce ake jira ta fitar da wanda zai riƙe gwamnati, alhali ita ba ta cikin ɗakin da aka yi ƙus-ƙus ɗin.

Ta fara ɗanɗanar wannan a Janairun 1957. Firaminista Anthony Eden ya sauka bayan abin kunyar Suwez, inda Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar, Amurka ta tilasta musu janyewa. Jaridu sun gama naɗa Rab Butler, ɗaya daga cikin manyan ministoci. Amma dattawan gwamnati biyu, Lord Salisbury da Lord Kilmuir, suka riƙa kiran ministoci ɗaya bayan ɗaya suna tambayarsu, mafi yawa suka ce Macmillan. Sarauniya ta ji ta bakin Salisbury, ta ji ta bakin Winston Churchill, ta kira Macmillan ranar 10 ga wata. Zaɓin bai saɓa wa ra'ayin jam'iyya ba, amma mutane sun ga yarinya 'yar shekara 30 ta tambayi tsofaffin masu sarauta biyu ta naɗa shugaban gwamnatin ƙasa mai mutum sama da miliyan 50. Guna-guni ya fara daga nan.

Kwana goma na Oktoba

Shekarar 1963 ta zo wa Macmillan da baƙin jini. Faransa ta toshe masa ƙofar shiga kasuwar tarayyar Turai, sannan ministan yaƙinsa John Profumo ya yi wa majalisa ƙarya a kan hulɗarsa da wata budurwa, asiri ya tonu. Ciwo ya kwantar da shi ana jibi-jibin babban taron jam'iyya a Blackpool. Home ne ya karanta wa taron saƙon cewa firaminista zai sauka, nan take taro ya rikiɗe ya zama filin neman kujera.

Mutum uku ake magana a kansu. Butler, wanda shi ne na biyu a gwamnati kuma shi ke riƙe da ita duk lokacin da Macmillan ba ya nan. Lord Hailsham, mai zafin baki, wanda talakawan jam'iyya ke so, kuma ya miƙe a Blackpool ya ce zai ajiye sarautarsa ta gado don ya shiga takara. Sai Reginald Maudling, ministan kuɗi. Home kuwa ya nuna wa abokan aikinsa ba ya ciki.

Abin da kusan kowa ya yarda da shi a yau shi ne, Macmillan ba ya son Butler ya gaje shi, yana ganinsa mutum ne mai sanyin jiki a lokacin da ake buƙatar yanke magana. Daga kan gadon asibiti ya shirya yadda za a ji ra'ayi. Lord Dilhorne ya tambayi ministoci, bulaliyar jam'iyya Martin Redmayne, wato mai kula da ɗa'ar 'yan majalisarta, ya tambayi 'yan majalisa, wasu suka tambayi dattawa da shugabannin mazaɓu. Ba ƙuri'a ba ce da ake ƙirgawa a gaban kowa. Ana tambayar mutum wa yake so, wa ke bi masa, wa ba zai taɓa yarda da shi ba, kuma ba a auna ra'ayin kowa da ma'auni ɗaya. A irin wannan lissafi, wanda ba shi da maƙiya yakan wuce wanda ke da masoya. Sunan Home ya fito.

Daren 17 ga wata labari ya fasu. Wasu ministoci suka taru a gidan Enoch Powell, ciki har da Iain Macleod, suka ce ba su yarda ba. Hailsham da Maudling suka amince su yi aiki a ƙarƙashin Butler, wato manyan 'yan takara uku sun haɗu a kan mutum ɗaya. Aka yi ƙoƙarin isar da wannan ga fada ta hannun sakataren Sarauniya, Michael Adeane. Da gari ya waye Macmillan ya gaggauta aika takardar murabus, Sarauniya ta nufi asibiti.

Ga inda gizo ke saƙa. Tun da ya riga ya sauka, maganar Macmillan ba shawarar firaminista ba ce wadda dole a bi, ra'ayin tsohon ma'aikaci ne kawai. Sarauniya tana da damar ta saurare shi, ta gode, sannan ta kira wasu ta ji ta bakinsu, ko ta ce wa jam'iyya ta je ta daidaita kanta tukuna. Ba ta kira kowa ba. Abu ɗaya da aka yi na taka-tsantsan shi ne ba a naɗa Home kai tsaye ba, an ce ya je ya gwada ko zai iya haɗa gwamnati. Amma wanda ya fito daga fada da wannan umarni ya riga ya riƙe wuƙa da nama, domin shi ke rabon muƙamai. Da Butler ya ƙi shiga, da Home ya faɗi. Butler bai ƙi ba. Washegari ya karɓi ma'aikatar harkokin waje, Home ya koma fada aka tabbatar da shi. Macleod da Powell ne kaɗai suka tsaya a kan bakansu suka ƙi muƙami.

Sabon firaministan shi ne na goma sha huɗu a jerin masu riƙe da sarautar gidansu a Sikotlan, kuma a majalisar dattawa yake zaune, wadda ba a zaɓenta. Rabon da a yi firaminista daga can tun 1902. Ya yi amfani da wata sabuwar doka ta shekarar ya ajiye sarautar, ya koma Sir Alec Douglas-Home, ya tsaya zaɓen cike gurbi a Kinross da Yammacin Perthshire. Kimanin mako biyu Birtaniya tana da firaministan da ba shi da kujera a ko wace majalisa. Da Harold Wilson, shugaban Labour, ya riƙa yi masa ba'a da wannan lamba ta goma sha huɗu, sai ya mayar masa cewa ai shi ma in an bincika Wilson na goma sha huɗu ne. Ya iya raha, kuma ya fi yadda aka zata ƙoƙari, amma a Oktoban 1964 Wilson ya kayar da shi da rinjayen kujeru huɗu kacal.

A Janairun 1964 Macleod ya rubuta doguwar maƙala a mujallar Spectator, ya ce wani ɗan ƙaramin gungu ne na tsofaffin ɗaliban makarantar Eton ta 'ya'yan manya suka ƙulla abin tsakaninsu. Bai taɓa Sarauniya kai tsaye ba, amma kowa ya san hannun wa aka ara. Daga baya masanin tarihi Ben Pimlott ya kira wannan da kuskuren siyasa mafi girma a mulkinta.

Ni a ganina hukuncin ya ɗan yi tsauri, ko da yake ba ƙarya ba ne. Masu kare ta suna cewa da ta ƙi maganar Macmillan ta shiga kiran ministoci da kanta, da ta tsunduma cikin rikicin jam'iyya har wuya, kuma duk wanda ta fitar sai an ce nata ne. Gaskiya ne. Amma gudun zaɓi ma zaɓi ne. Home mutum ne da gidan sarauta ya sani, mai gonaki da farauta irin tasu, kuma sauƙin da aka samu wajen karɓar sunansa bai rasa nasaba da haka ba. Laifinta ba son kai ba ne, yarda ce da dattijon da ta saba da shi, a ranar da shi dattijon yake da tasa manufa.

Wakilanta a wasu ƙasashe

Ba a Landan kaɗai wannan iko ya yi ƙuna ba, kuma 'yan Najeriya sun riga Turawan ganin haka. Daga 1 ga Oktoban 1960 zuwa 1963 Elizabeth ita ce Sarauniyar Najeriya, Nnamdi Azikiwe yana wakiltarta a matsayin gwamna-janar tun Nuwamban 1960, kowace jiha kuma da gwamnanta mai aiki da sunanta. A Mayun 1962 jam'iyyar Action Group ta dare biyu tsakanin Obafemi Awolowo da Samuel Ladoke Akintola, firimiyan Jihar Yamma. 'Yan majalisa 66 suka sa hannu a takarda cewa ba sa tare da Akintola. Gwamna Sir Adesoji Aderemi, Ooni na Ife, ya dogara da takardar ya tuɓe shi, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Da majalisar ta zauna a Ibadan sai aka kaure da jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Kotun Ƙolin Tarayya ta ba Akintola gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta majalisar Sarauniya a Landan ta ba Adegbenro a Mayun 1963, amma aka gyara tsarin mulkin jihar ya koma baya ya shafe hukuncin. Da Najeriya ta zama jamhuriya a Oktoban shekarar, kai ƙara Landan ya ƙare.

A Ostireliya ma, ranar 11 ga Nuwamban 1975, gwamna-janar Sir John Kerr ya sallami firaminista Gough Whitlam saboda majalisar dattawa ta riƙe kasafin kuɗi. Kakakin majalisar wakilai ya rubuta wa Sarauniya ta mayar da Whitlam, fada ta amsa cewa wannan ba hurumin da za ta shiga ba ne. Wasiƙun da aka buɗe a 2020 sun nuna Kerr bai sanar da ita ranar da zai yi ba, amma ya daɗe yana tattauna ikon nasa da sakatarenta Martin Charteris. Har yau 'yan Ostireliya ba su gama gardama a kan wannan ba.

Yadda aka rufe ramin

Douglas-Home da kansa ya fara gyara. A 1965 ya sa jam'iyyar Conservative ta ɗauki tsarin ƙuri'ar 'yan majalisa, Edward Heath ya zama na farko da ya hau ta wannan hanya. Daga ranar an sauke wa Sarauniya kayan da ba ta roƙa ba, kuma babu alamar ta yi kewarsa. Abin da ya rage shi ne zaɓen da babu jam'iyyar da ta sami rinjaye.

Ya faru a Fabrairun 1974. Labour ta sami kujeru 301, Conservative 297. Sarauniya ta katse rangadi a Ostireliya ta dawo gida, ta zauna ba ta kira kowa ba. Heath ya kwana huɗu yana zawarcin Jeremy Thorpe na jam'iyyar Liberal, abin bai yiwu ba, ya kawo murabus ranar 4 ga Maris, sannan ta kira Wilson. A 2010 ma haka, sai dai an ƙara gogewa. Tun kafin zaɓe sakataren majalisar ministoci Gus O'Donnell ya rubuta ƙa'idar a takarda: 'yan siyasa su sasanta, firaminista mai ci ya zauna har a san magajinsa, kada a jawo fada ciki. Kwana biyar ana ciniki tsakanin shugabannin jam'iyyu David Cameron da Nick Clegg da firaminista Gordon Brown, ita tana fadarta ta Windsor, ba ta dawo Buckingham ba sai da magana ta nuna.

Kada a ɗauka shirun nata ya game komai. Inda abin ya shafi haɗin kan masarauta ko dukiyar gidanta, takan sami hanya. Kwana huɗu kafin ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewar Sikotlan a 2014, ta fito daga coci kusa da Balmoral, gidanta na Sikotlan, ta ce wa wata mata tana fatan mutane za su yi tunani sosai a kan gaba, kuma 'yan jarida na kusa. A 2021 jaridar Guardian ta bankaɗo cewa dokoki sama da dubu sun bi ta fada don neman izini kafin majalisa ta zartar da su, saboda sun taɓa iko ko kadarorin sarauta, har da wata ta 1973 da lauyanta ya nemi a gyara don kada a bayyana hannayen jarinta. Fada ta ce izinin al'ada ce kawai. Mai karatu ya auna.

Farashin wannan janyewa ya bayyana a 2019. Boris Johnson yana son fitar da Birtaniya daga Tarayyar Turai ranar 31 ga Oktoba ko da babu yarjejeniya, majalisa na tare masa hanya. Ranar 28 ga Agusta ya tura ministansa Jacob Rees-Mogg da wasu biyu Balmoral da buƙatar a jingine zaman majalisa mako biyar. Sarauniya ta amince, kamar yadda al'ada ta tanada. Ranar 24 ga Satumba alƙalan Kotun Ƙoli goma sha ɗaya, ƙarƙashin Lady Hale, suka haɗu baki ɗaya cewa shawarar da aka ba ta haramtacciya ce, jinginewar kuma kamar ba a yi ba. A 1963 an zarge ta da bin maganar wanda ba dole ta bi ba. A 2019 ta bi maganar wanda dole ta bi, aka sa hannunta a kan abin da kotu ta rushe. Masu son a kawar da sarauta suka ce, to ina amfanin mai gadin da ba ya iya cewa a'a? Masu sonta suka ce ranar da ta ce a'a, ranar sarautar za ta fara mutuwa. Ina ganin dukansu sun faɗi gaskiya, kuma ita ta daɗe da zaɓar wadda za ta rayu da ita.

Naɗin firaminista na ƙarshe da ta yi ya zo ranar Talata, 6 ga Satumban 2022. Ƙafa ta hana ta zuwa Landan, don haka Johnson ya hau jirgi zuwa Balmoral ya ajiye aiki, Liz Truss ta biyo baya. 'Yan jam'iyya 81,326 ne suka zaɓi Truss a kan Rishi Sunak mai 60,399, Sarauniya ba ta da ta cewa a ciki. Truss ce ta goma sha biyar a jerin firaministocin da suka yi aiki a zamaninta. An haife ta a 1975, na farkon kuwa, Churchill, a 1874. Hoton ranar ya nuna tsohuwa 'yar shekara 96 tana dogara sanda, bayan hannunta ya yi shuɗi. Sarauniya Beatrix ta Holan ta sauka a 2013, Sarki Juan Carlos na Sifen a 2014, amma wadda murabus ɗin baffanta Edward na Takwas a 1936 ya jefa mahaifinta kan karaga ba ta taɓa ɗaukar sauka a matsayin hanya ba. Washegari likitoci suka sa aka ɗage zaman majalisar mashawartanta, ranar Alhamis 8 ga wata da ƙarfe uku da minti goma na rana ta rasu, bayan shekara 70 da kwana 214.

Wata shida kafin rasuwarta ta sa hannu a wata doka da ba ta ja hankalin jama'a sosai ba. Tun 2011 an ɗauke ikon rushe majalisa da kiran zaɓe daga fada an miƙa wa 'yan majalisa. Gwamnatin Johnson ta soke wannan a Maris na 2022, ta mayar da ikon ga mai sarauta bisa roƙon firaminista, ta kuma ƙara sashen da ya hana kotu duba lamarin. Wato idan wata rana firaministan da jam'iyyarsa ke shirin tsige shi ya ruga fada ya nemi a rushe majalisa don ya tsira, babu alƙalin da zai shiga tsakani kamar 2019, mutum ɗaya ne zai ce i ko a'a. A Mayun 2024 Sunak ya kai wa Sarki Charles irin wannan roƙo, amma wa'adin majalisar ya kusa cika kuma 'yan adawa ma zaɓen suke nema, aka amince, aka yi shi ranar 4 ga Yuli.